Daga Marwa zuwa Ngaundare da gilasan gwaji

A makon jiya na dawo daga Ngaundare, inda na kai wa wani abokin aikinmu 'yan gilasan da muka daɗe muna shiryawa a Marwa, domin zai wuce da su Faransa ya auna su a na'urar SQUID, wadda ke gano maganaɗisun da bai isa ya ɗaga ko ɓurɓushin ƙarfe ba. Kowane gilashi bai fi farcen babban yatsa ba, kuma a kansa akwai shimfiɗar oksaid na tutiya da muka fesa yana da zafi, siririyar da sai da nanomita ake faɗin kaurinta. Abin da muke so mu gano shi ne tushen ɗan maganaɗisun da ake samu a irin wannan shimfiɗa. Rabi mun bar su yadda suka fito, rabi kuwa mun sake gasa su a cikin iska domin oksijin ya cike gurabensa da suka rage a cikin shimfiɗar. Idan maganaɗisun ya ragu a waɗanda aka gasa, za mu sami hujjar cewa guraben ne tushensa.

Kafin mu isa Garwa aka tsayar da motarmu a wani shinge. Jami'in ya buɗe akwatina a bakin titi, iskar hunturu tana kaɗawa, sannan ya zaro makullin mota zai kankari gilashi ɗaya ya ga abin da ke kai. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, idan makullin nan ya taɓa shi, aikin gaba ɗaya ya lalace." Ya ce, "Malam, gilashi ne ko zinariya?" Sai da direba da wata dattijuwa suka sa baki ya tura mini akwatin da ƙafa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin tsoron da na ji yana da dalili. A 2004 ƙungiyar Michael Coey a Dublin ta ba da rahoton maganaɗisu a siririyar shimfiɗar oksaid na hafniyom, sinadarin da babu ƙwayar zarra mai maganaɗisu a cikinsa, amma a 2005 masu bincike na IBM suka nuna cewa ɗaukar irin wannan shimfiɗa da matsefatar ƙarfe kawai yana iya barin alamar da ta yi kama da wancan sakamako. To ina ga makullin mota, ina ga ƙurar da ke tasowa daga Bodele ta Chadi tana ɗauke da ɓurɓushin ma'adinan ƙarfe?

A Garwa na kwana gidan kawuna, wanda maƙeri ne. Da ya ji abin da ke cikin akwatin, sai ya hana yaransa goga ƙarfe da zarto har na tafi, ya kuma sa aka nannaɗe akwatin da sabuwar leda aka ajiye a ɗakin matarsa, nesa da maƙera. Bayan mun ci kifin Binuwai, wanda arharsa ta sa na ji haushin abin da muke biya a Marwa, ya tambaye ni, "Ɗana, yaya abin da ba ƙarfe ba zai zama maganaɗisu?" Na ce ya ɗauki sinadarin tamkar katangar da aka zare mata bulo nan da can. A gurbin da oksijin ya bari ƙwayar lantarki tana iya maƙalewa, ta juya maƙwabtanta su fuskanci gefe ɗaya, kuma idan guraben sun yi yawa har suka haɗu, shimfiɗar duka sai ta bi sahu. Na faɗa masa cewa tun 2000, da Tomasz Dietl da abokansa suka yi hasashen oksaid na tutiya mai ɗan manganis zai riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki, ake ta wannan gardama. Shi kuma ya ce ya daɗe da sanin ƙarfen da ya yi jajawur a wuta ba ya manne wa maganaɗisu, abin da muke koyarwa a aji da lamba, wato digiri 770 a ma'aunin Celsius. Na fi jin daɗin hirar nan da tarurruka da yawa, domin tambayarsa ita ce ainihin abin da ya hana masana barci: guraben ba sa zama iri ɗaya daga gwaji zuwa gwaji, shi ya sa ɗakin bincike biyu ke yin aiki guda su sami amsa biyu.

Hawan dutsen da ke gaban Ngaundare motar ta yi shi da ƙyar, amma sanyin garin da ƙarancin ƙurarsa sun kwantar mini da hankali. Matsefatar roba ta ba ni wahala kafin na samu a wani kantin magani, mai kantin ya tsuga kuɗi da ya ga baƙo ne, muka yi ciniki har ya sauko rabi. Zuma da piya kuwa sun fi namu araha nesa ba kusa ba.

Na miƙa akwatin a tashar jirgin ƙasa da yamma, tare da gilashi biyu marasa shimfiɗa da za a auna don kwatance, na kuma roƙi abokina ya fara da su kafin ya taɓa sauran.