Ranar da na raka Kawu Wida

Mu 'yan Maradi Kwatano muka sani: tashar jiragen ruwa, motoci na hannu, shinkafa da atamfa. Mutum zai yi zuwa goma bai ƙara kilomita 40 yamma ya ga Wida ba. Ni ma ba da niyya na je ba. Na raka kawuna ne, kafin a rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, sai jirgin da ya ɗauko kayansa ya yi jinkiri. Da muka idar da sallar asuba ya ce, "Tashi, ɗana, zaman masauki ya ishe ni."

Awa guda ta kai mu. Garin ƙarami ne, shiru, ga tsofaffin benaye irin ginin Barazil masu tagogin katako, iskar gishiri ta cinye musu fenti. Mun fara da sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1721. Abin mamaki, ba su bar shi ba sai 1961, shekara guda bayan Dahome, wato ƙasar Benin ta yau, ta samu 'yancin kai. Ɗakin mesa kuwa, wanda ke fuskantar babbar coci, Kawu ya ce shi kam a waje zai jira. Na shiga, aka ɗora mini guda a wuya, sanyi ƙalau, ba ta ko motsa ba.

Hanyar bayi ce ta tsaya mini a rai. Tana farawa daga dandalin Chacha, laƙabin Francisco Félix de Souza, babban dillalin bayi da ya mutu a 1849, ta miƙe kusan kilomita huɗu zuwa bakin teku. 'Yan zemijan, kabu-kabun can, suka yi mana caa. Kawu ya girgiza kai: waɗanda aka kora ta nan da ƙafa suka bi, mu ma da ƙafa za mu bi.

Zafin can ba irin namu ba ne, gumi ba ya bushewa, riga sai ta manne a baya. Ɗan jagoranmu ya nuna mana wurin itacen mantuwa, inda ake cewa maza sukan zagaya sau tara, mata sau bakwai, don su manta gida. Sai Zomai, inda a da ake tsare bayi cikin duhu kafin jirgi ya iso. Gaba kaɗan muka ratsa fadama, mata na dafa gishiri a bukkoki, hayaƙi na tashi.

Da ɗan jagoran ya ji muna Hausa sai ya tsaya ya ce, "Ai da naku a ciki." Gabana ya faɗi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, waɗanda suka sa sarakunan Katsina suka yo arewa har aka kafa Maradi, su ne suka tura kamammu da yawa kudu, hannu zuwa hannu, har gaɓar nan. A Bahiya ta Barazil Hausawa sun shirya bore a 1807, sun sake tashi a 1809 da 1814. A tawayen Musulmi na 1835, cikin watan azumi, an samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wato wani ya yi karatun allo a tsangaya irin ta unguwarmu, ya bi wannan rairayi da sarƙa, bai kuwa manta ba, ko sau nawa aka sa shi zagaya itacen. A ganina wannan ya kamata a riƙa faɗa wa yaranmu a makaranta, don tarihinmu ne, ba na mutanen bakin teku kaɗai ba.

Ƙofar da ba a dawowa, wadda aka gina a 1995, tana tsaye ita kaɗai a kan yashi. A samanta an zana layuka biyu na mutane a ɗaure, sun nufi jirgi. Bayanta babu komai sai ruwa da rugugin igiya.

Kawu ya naɗe wandonsa, ya yi alwala da ruwan teku, na bi shi. Muka yi azahar a kan yashi, ya daɗe hannuwansa a sama, har na ji muryarsa tana rawa wurin Fatiha. Wata mata ta fasa mana kwakwa biyu, muka sha a tsaye. A mota bai ce uffan ba sai da muka kusa shiga Kwatano, sannan ya juyo ya ce, "In mun koma gida, ka ba Hajiya labarin nan da bakinka."