Tsohuwar tarakta mai mutuwa a tsakar gona

In tsohuwar Massey Ferguson 135 ta yi aiki kaɗan ta mutu, ta huta ta sake tashi, kada a yi saurin kwance babban famfon gas. Fara buɗe murfin tanki: hujinsa na shan iska kan toshe da ƙura, gas ya daina sauka. Duba kofin gilashin da gas ke bi ta cikinsa, ruwa da laka na kwantawa a ƙasansa, musamman in gas ɗin jarka ne. Bayan canja filta, sai ka fitar da iskar da ta shiga: sassauta sukurun samansa, ka danna hannun ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki har kumfa ta ƙare, sannan ka yi haka da sukurori biyu na babban famfon (samfurin CAV), na ƙasa tukuna. Hannun ya yi sakwa-sakwa? Juya injin kaɗan, kam ne, wato ƙarfen injin da ke tura ƙaramin famfon, ya tokare shi.