Godiya Bayan Wasan Karramawa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, wasan ƙwallon ƙafa na karramawa da tsofaffin abokan wasana suka shirya mini ranar Asabar a filin Rwang Pam da ke Jos ya gudana lami lafiya. Waɗanda suka zo daga Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos da Nasarawa, da 'yan uwanmu Kirista da suka cika mota tun daga Bukuru, na gode. Allah ya bar zumunci.

Mutane sun san ni da tsaron baya, sun ga lokacin da ake kiran sunana a fili. Kaɗan ne suka ga abin da ya biyo bayan tsinkewar jijiyar gwiwata. Kulob ɗin da nake bugawa ya daina ɗaga wayata, ga bashin albashi, ga likita yana maganar tiyata. 'Yan ƙwallon da muke ɗaki ɗaya a sansani, waɗanda su ma ba a biya su ba, su suka yi karo-karo. Mai ɗakina ta sayar da ɗan kunnenta na zinari ba tare da ta faɗa mini ba, sai daga baya na ji a bakin ƙanwarta. Maman yara, Allah ya saka miki da Aljanna.

Sai Baba Koci, wanda ya fara ɗaure mini takalmin ƙwallo ina yaro. Ina dogara sanda ya zo har gida ya ce, "Ɗana, ƙafa ce ta gaji, idonka da kanka suna nan. Gobe ka zo ka riƙe mini yara." Ya miƙa mini usur ɗinsa. Shi ya matsa mini na tafi kwas ɗin horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, kuma shi ya riƙa leƙa iyalina har na dawo. A can na gane buga ƙwallo daban, koyar da ita daban. Abin da ƙafarka ta saba yi da kanta, yanzu dole ka nemo kalmomin da yaro ɗan shekara 13 zai fahimta, ka kuma haƙura idan ya kasa yau.

Baba yakan tuna mana da marigayi Ismaila Mabo, ɗan garin nan, wanda ya tsare wa kulob ɗin Mighty Jets baya, daga baya a matsayin koci ya kai Super Falcons, wato tawagar ƙwallon mata ta Najeriya, zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999 a Amurka. Garin da ya raini Mikel Obi da Ahmed Musa, garin da Plateau United ta kawo wa kofin gasar Najeriya a 2017, bai rasa yara masu baiwa ba. A ganina masu zama da su a fili kullum ne suka yi ƙaranci.

Kuɗin da aka tara a wasan za su tafi wajen ƙwallaye, riguna da akwatin magani. Iyayen da suka tambaye ni, atisaye bayan la'asar ne, kuma yaron da ba ya zuwa makaranta ba zan sa shi a wasa ba.

Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa, yana cikin addu'ata. Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya ƙara wa Baba Koci lafiya da nisan kwana. Amin.