Wa ke kwana da mara lafiya? Yadda muka nema wa Inna wurin jinya a Damagaram

Hawan jinin da Inna ta daɗe tana fama da shi ne ya kai ta ga shanyewar ɓarin jiki na dama, magana ma sai da ƙyar take fita. A Babban Asibitin Ƙasa na Zinder aka karɓe ta, aka tsaya a kanta har hankalinta ya dawo. Da sallama ta matso, lokotoro ya tara mu ya faɗa mana gaskiya ba rufa-rufa: aikin gaggawa ya ƙare, abin da ya rage jinya ce mai tsawo, kuma ita ce za ta nuna ko Inna za ta sake zama da kanta ko kwanciya za ta cinye ta.

Nan fa magana ta rabu a gidanmu. Yayanmu da ke aiki a Yamai ya ce a nemi kilinik mai kyau a kwantar da ita, shi zai ɗauki nauyin kuɗi. Wani ɗan uwanmu da ya zauna Faransa ya kawo zancen gidajen tsofaffi na can, inda ma'aikata ne ke yi wa mutum wanka, su ciyar da shi, su canza masa shimfiɗa. Gwaggo ta ji haka sai ta tafa hannu ta ce, "Da ranku da lafiyarku za ku miƙa uwarku ga bare? Me za a ce da mu a Birni?" Ban ga laifinta ba, domin haka aka raine mu. Amma ni ce a gari, ina koyarwa a lakwal, ina da yara ƙanana, kuma na san ƙauna kaɗai ba ta ɗaga babban mutum daga katifa ƙarfe uku na dare. Sai aka ɗora mini in zagaya in duba wuraren.

Abin da na fara ganewa shi ne a wurinmu gadon asibiti bai zo da mai kula da jiki ba. Ma'aikaci zai yi allura, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya auna tansiyo, ya wanke ciwo. Wanka, tsarki, ba da abinci, wankin zanen gado, gudun farmasi da ordinans, duk na mai jinya ne, wato ɗan uwan da ke shimfiɗa tabarma a gefen gado. Ko a wuraren kuɗi, akasari haka ne, sai dai in an yi yarjejeniya ta daban. Batun kuɗi kuwa, gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani tun 2006, ta kuma ɗauke na tiyatar haihuwa, amma tsufa bai shiga wannan tsarin ba. Kowane safar hannu da kowace allura daga aljihunmu za su fito.

Wuri na farko da na shiga ya burge ni ƙwarai. Ƙasa ta sha tayil, ɗaki da kilim, har talabijin a bango. Na dawo ina ba maƙwabcinmu labari, wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya yi karatu a makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta nan Zinder, ya kuma yi shekaru yana aiki a ƙauyuka kafin ya ajiye aiki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "'Yata, da wane lokaci kika je?" Na ce da hantsi. Ya ce, "To koma bayan isha'i. Ki ƙirga masu farar riga da idonki, ki ƙirga gadajen da ke da mutane, sannan ki tambayi kowannensu ko ya gama karatu ko sitaj yake yi."

Na koma tare da ƙanena. Ma'aikaci ɗaya muka tarar da wata ɗaliba, su ke riƙe da dukan ɗakunan kwanciya har da masu shigowa na gaggawa. Lokotoro yana gida, sai an buga masa waya. Mutumin kirki ne ma'aikacin, ya amsa mana tambayoyinmu da fara'a, amma a cikin ɗan tsayuwar da muka yi an kira shi daga ɗaki biyu a lokaci guda. Na tambaye shi wa ke juya mara lafiyar da ba ya iya motsi, ya ce iyalansa. Na ce in mace ce fa, kuma tana buƙatar a sa mata robar fitsari cikin dare? Ya ce shi zai yi, domin ba kullum ake samun mace a gardi ba. Na san Inna. Matar da ko likitan ido namiji sai da aka yi ta lallashi kafin ta yarda ya duba ta, za ta gwammace ta danne ciwonta ta yi shiru har gari ya waye.

Akwai wani wuri mai araha da ban daɗe a ciki ba. Zarnin fitsari ya tare ni tun daga baranda, famfo ba ruwa, kuma wata mai jinya ta gaya mini fuskokin ma'aikata canzawa suke yi kusan kowane wata. Na yi godiya na fito.

Wanda ya zauna mini a rai tsohon gini ne, fenti ya koɗe, fanka ce ke juyawa a sama. Da na je da dare na tarar da ma'aikata biyu masu difloma, ɗayarsu mace, ga kuma ɗalibi yana taimaka musu. A jikin bango, saitin kan wani dattijo, an liƙa takarda da aka ja wa layi da biro: ƙarfe takwas dama, ƙarfe goma baya, sha biyu hagu, kowane layi da sa hannu. Na tambayi matar ma'anarta, sai ta ce wanda ba ya iya motsi ana juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba nauyin jikinsa zai danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu ya zama gyambon kwanciya. Da izinin ɗan dattijon ta ɗaga ƙafarsa ta nuna mini dunduniya, ga matashi a ƙarƙashin ƙwauri don kada dunduniyar ta taɓa katifa. Ta ce a littafi an rubuta cewa wurin yakan yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi sauran duhu, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri in an taɓa. Tsatso, ƙugu, allon kafaɗa da dunduniya, nan ne yake fara kamawa. Ba wanda ya sa ta yi mini wannan bayanin, kuma ba ta san ko za mu kawo Inna ba.

Na tambaye ta shekarunta nawa a wurin, ta ce ta daɗe, haka ma abokin aikinta. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da komai, domin wanda ya saba da mara lafiya shi ne zai lura yau idonta ya faɗa, ko ta rage cin abinci. Sai na zagaya baya na duba tankin ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san abin da ruwa yake nufi a garin nan, musamman daga Afrilu zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, famfo ya yi shiru, masu garuwa su yi tsada. Jinyar mai kwanciya kuwa ruwa take ci. Suna da tanki babba, suna da gurup da suke tayarwa in kuran ya ɗauke.

Yaya bai ji daɗin zaɓin ba da farko. Ya ga hotunan ɗaki mai kilim a WhatsApp, ransa yana can. Na ce masa, "Yaya, ba girin-girin ba, ta yi mai. Kuɗin kilim ɗin nan gara mu biya wadda za ta kwana da ita." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in yi abin da na ga ya fi.

A tsohon ginin nan muka kwantar da Inna, a can aka koya mana ciyar da ita. Shanyewar ɓarin jiki takan taɓa haɗiya, abinci ko ruwa ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu. Saboda haka ba a ba ta komai a kwance. A tayar da ita zaune sosai, a ba ta kunu mai ɗan kauri da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye, a leƙa kuncin da ya shanye ko abinci ya maƙale, kuma kada a kwantar da ita nan take. In ta yi tari ko muryarta ta yi kamar da ruwa a maƙogwaro, a dakata. Gwaggo da ta saba ɗura wa mara lafiya ruwa da moɗa ta tsaya tana kallo, daga baya ita ce ta fi kowa iya wannan aikin. Kine kuma, wato ma'aikacin da ke motsa gaɓoɓin mara lafiya, yana zuwa yana motsa mata hannu da ƙafa, ya ce watannin farko su ne jiki ya fi karɓar wannan aikin, kada mu yi sakaci da su.

Da ta fara zama da taimako sai muka mayar da ita gida, domin kuɗin kwana ba abin ɗorewa ba ne, ita ma kullum hannunta na hagu yana nuna ƙofa. Amma tsarin kilinik ɗin muka ɗauko muka kawo ɗakinta. Takardar juyi tana liƙe a bango. Ma'aikaciyar nan ta haɗa mu da wata abokiyar karatunta da ke zuwa da safe ta duba fata, ta auna tansiyo ta rubuta a kaye, in ya haura 14 da 9 (wato 140/90) ya ƙi sauka mu kira lokotoro. Na nemi ganin diflomarta kafin ta fara, ba ta ji haushi ba.

Kwanan dare kuwa wata 'yar ƙanwar Inna ce da aurenta ya mutu ta karɓa, ni da Gwaggo muna hutar da ita. Na dage a yanka mata albashi a fili, a biya ta ƙarshen kowane wata, a kuma ba ta ranar hutu. Gwaggo har yanzu tana ganin biyan 'yar uwa kuɗin jinya abin kunya ne. Ni kuwa na ga yadda ake barin irin waɗannan mata da aikin da ke karya baya, a sallame su da turmin zane da Allah ya yi albarka, su gaji su tafi ba sallama. Yaya ne ke aiko da kuɗin daga Yamai, ni nake miƙa mata a hannu. Yanzu abin da ke gabanmu shi ne mu sa faifan sola da batir kafin bazara ta shigo, saboda gumi na jiƙa fata ya sa ta saurin salewa, kuma ɗakin Inna yana kallon yamma.