Yadda na daina sake kwafar kod da hannu

Shekara shida ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙanmu, kuma duk kod ɗin waƙoƙin (sautukan da ake kaɗawa tare lokaci ɗaya, ana rubuta su da haruffa irin G ko C) a wani tsohon littafin makaranta nake rubuta su. Wahalar takan taso ne ranar da mai ba da waƙa ta ce muryarta ba ta kai ba, a sauke mata. Sai in zauna da biro ina ƙirga da yatsa, ina gogewa, shafi ya koma kamar kaza ta yi tono.

Bara na kwashe komai zuwa Obsidian, manhajar ajiye rubutu da ta fito a 2020, na ƙara mata wani ɗan ƙari mai suna Chord Sheets. Shi ne ke gane kod a cikin rubutu, ya ɗaga ko ya sauke su da dannawa ɗaya. Lissafin ba wani sihiri ba ne: sauti 12 ne ke zagayawa, kowace dannawa taki ɗaya. Waƙar da ke kan G, C, D, Em, in ka ɗaga ta taki biyu ta koma A, D, E, F#m.

Da farko a saman layin baiti nake jera kod. A kwamfutata tsaf, amma da na tura wa mai fiyano a waya sai haruffa suka goce, kod ya faɗa kan wata gaɓa daban. Dole na koma salon ChordPro, inda ake cusa kod ɗin daidai gaban gaɓar da ake canjawa: [G]Na go[C]de. Bai da kyan gani, gaskiya, amma ba ya motsi.

Kunyar da na sha kuwa laifina ce. Wata Asabar wajen gwaji na ɗaga wata waƙa da ke kan G taki biyu a manhaja, na manta kafo, ɗan maƙalin da ake matse tsirkiyoyin jita da shi don ɗaga sauti, yana maƙale a firet na biyu (gaɓa ta biyu a wuyan jita) tun waƙar baya. Taki huɗu ke nan. Mai fiyano na kan A, ni ina kan B, baiwar Allah mai ba da waƙa ta tsaya tsakani tana kallonmu.

"Ɗan'uwa, wa zan bi a cikinku?" in ji ta.

Tun ranar, layin farko na kowace waƙa abu uku ne: ki na asali (wato sautin da waƙar ke kai), wanda ake rerawa yanzu, da inda kafo zai zauna. Littafin nan ma ban jefar ba, yana cikin jakar jita saboda ranar da caji ya ƙare.