Masu cewa Alice Cooper ya sayar da kansa a 1989, ku tsaya mu yi magana

Akwai wata magana da nake yawan cin karo da ita a wajen masu son tsohon kiɗan rock, wai Alice Cooper na gaskiya ya ƙare tun 1975, wanda ya fito da albam ɗin Trash a 1989 wani ɗan kasuwa ne kawai da ya ga inda kuɗi yake ya bi. Wallahi maganar nan tana min ciwo, don masu faɗinta suna tsallake wajen shekara goma na rayuwar bawan Allahn nan kamar ba a yi su ba.

Ga wanda bai san shi ba, asalin sunansa Vincent Furnier, an haife shi a Detroit a 1948, ya tashi a Phoenix ta jihar Arizona, kuma babansa mai wa'azi ne a coci. Shi ne wanda ya mayar da tsoratarwa sana'a a dandamalin waƙa. Baƙin kwalli ya zubo masa daga ido har kumatu, mesa a wuya, jinin ƙarya ko'ina, kuma kafin a tashi wasa sai an hukunta shi, ko a rataye shi ko a ɗora shi a kujerar lantarki ko a saka wuyansa a injin fille kai irin na Faransawan da. Ni wannan ɓangaren ne ya fi ɗaukar hankalina, mugun da yake kwaikwayo bai taɓa tsira ba, kullum sai ya girbi abin da ya shuka, kana gani ka san ɗan mai wa'azi ne ya tsara abin. A 1973 albam ɗin ƙungiyarsa Billion Dollar Babies ya hau lamba ɗaya a Amurka da Birtaniya, a 1975 ya ware shi kaɗai ya yi Welcome to My Nightmare.

Sai giya ta ci ƙarfinsa. A 1977 ya kwanta a asibiti a New York don a raba shi da ita, ya fito, bai daɗe ba ya koma ruwa har da ƙwaya. Albam uku na jere, na 1981 da 1982 da DaDa na 1983, shi da bakinsa ya sha faɗin cewa bai ma tuna ya yi rikodin ɗinsu ba. Ka duba hotunansa na lokacin, ya rame ya zama ƙashi da rai, hanta ta taɓu, yana tashi da safe yana aman jini, matarsa Sheryl ta nemi saki a 1983, kamfanin waƙoƙinsa Warner ma suka rabu. Wannan shi ne mutumin da ake so ya ci gaba da zama "na gaskiya". Da ya ci gaba a haka ai da tuni wani labarin ake yi. Ya sake komawa asibiti, wannan karon ya daina da gaske, suka shirya da matarsa, ya rungumi wasan golf yana cike lokacin da da yake cikewa da kwalba.

To lokacin da yake jinya duniyar kiɗa ba ta tsaya jiransa ba. Tashar talabijin ta kiɗa MTV ta buɗe a 1981, a titin Sunset Strip na Los Angeles kuma yara sun taso da wani salo da aka kira glam metal, gashi a tsefe an feshe shi ya tashi sama, jan baki, wandon fata matsattse, jita mai ƙarfi amma amshin waƙar mai daɗi yadda rediyo za ta iya sakawa. Su Mötley Crüe, su Ratt, su W.A.S.P. masu jifan 'yan kallo da ɗanyen nama, can gabas kuma ga Twisted Sister. Ka kalli fuskar Dee Snider, mawaƙin Twisted Sister, da kwalliyarsa ka faɗa min daga ina ya koyo. Duk 'ya'yan Alice ne, kuma da yawansu ba su ɓoye ba. Kamar maƙeri ne ya yi doguwar jinya ya fito ya tarar yaran da suke hura masa zugazugi sun buɗe maƙera a ƙofar gidansa suna ciniki, don ya ɗauki guduma ya shiga cikinsu sai a ce kwaikwayonsu yake?

Ya dawo a 1986 da Constrictor yana ɗan shekara 38. Ya ɗauko wani mai jita Kane Roberts, ƙato mai ƙwanji kamar Rambo, jitarsa ma an ƙera ta da siffar bindiga mai jigida, da Kip Winger a jitar bes wanda daga baya ya kafa tasa ƙungiyar. Gaskiya albam ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, gangar ta yi ƙarar inji da yawa, wasu waƙoƙin na yarinta ne. Amma abin da ya faru a dandamali shi ne labarin. Ya ce ya ji tsoron hawa ba tare da ya sha komai ba, don bai taɓa zama Alice da hankalinsa garau ba, kuma da ya hau sai wani Alice ɗin daban ya fito. Na da a sunkuye yake yana tangaɗi kamar wanda duniya ta taka, wannan kuwa a miƙe yake ƙyam, haɓa a sama, sanda a hannu yana nuna 'yan kallo da ita kamar bayinsa ne. In ka samu bidiyon wasan da ya yi a Detroit daren Halloween na 1986 wanda MTV ta haska, kalli yadda yake takawa kawai, ba sai an maka bayani ba.

Kuma masu cewa ya yi laushi, ina suke a 1987? Albam ɗin Raise Your Fist and Yell ya fi komai nasa nauyi a wancan zamanin, wasan da ya bi bayansa jini ya yi yawa har a Jamus aka sa ya cire wasu sassa, a Birtaniya ɗan majalisa David Blunkett ya nemi a hana. Mutum na dab da arba'in, bai sha komai ba, yana tada hankalin majalisa.

Trash ne dai asalin abin faɗan, kuma nan zan yarda da rabin maganarsu. Ya koma kamfanin Epic, ya kira Desmond Child ya zama furodusa, mutumin da ya taya Bon Jovi da Aerosmith rubuta waƙoƙin da suka cika rediyo. Hannun Desmond a bayyane yake, komai an goge shi yana ƙyalli, amshi ya hau kan amshi, maganar gawa da mahaukata ta ja baya, soyayya da sha'awa suka shigo gaba. Jon Bon Jovi da Richie Sambora da Steven Tyler da Joe Perry duk sun leƙo sun saka hannu. Akwai waƙoƙi a ciki da in ka cire muryar Alice ka saka ta wani ba za ka gane an yi canji ba, kuma wannan asara ce, ban musa ba, don a zamanin tsohon furodusansa Bob Ezrin ba wanda zai iya rera waƙar Alice sai Alice.

Amma Poison da ke cikin Trash ɗin fa? Wannan waƙar tasa ce tun daga sama har ƙasa. Jitar farko tana zagayawa kamar abin da ke neman shaƙe ka, sai komai ya lafa ya shigo da murya ƙasa ƙasa kamar mai raɗa, sannan a hankali ta yi ta hawa tana canza mataki har amshin ya fashe. Ana cewa waƙar mace ce, to haka ne, amma mutumin da ke rera cewa yana son abu yana kuma sane dafi ne, yana so ya taɓa hankalinsa na ce masa kar ya kuskura, shekara shida kenan da ya ajiye kwalba. Ni duk lokacin da na saurara abin da nake ji kenan, kuma ba na jin wani yaro ɗan ashirin da biyar a Sunset Strip zai iya rera ta da wannan nauyin. Ta kai lamba 7 a Amurka, lamba 2 a Birtaniya, albam ɗin ya wuce kwafi miliyan ɗaya a Amurka, yana da shekara 41, a kasuwar da ake ganin ɗan talatin ma ya tsufa.

A 1991 ya sake bin wannan layin da Hey Stoopid, wanda ni a wajena ya fi Trash ƙwari, ga Slash ga Ozzy Osbourne ga Joe Satriani da Steve Vai, kuma waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta gargaɗi ce kai tsaye ga matasa kan ƙwaya da kashe kai. Sai dai a watan Satumba na shekarar ƙungiyar Nirvana suka fito da albam ɗinsu Nevermind, kasuwar masu feshin gashi ta watse cikin ɗan lokaci, ƙungiyoyi da yawa daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shi bai tsaya kuka ba, a 1994 ya yi The Last Temptation, ya koma labarin jarabawa da shaiɗan da tuba, har da Chris Cornell na Soundgarden a cikin marubutan. A 2011 aka shigar da tsohuwar ƙungiyarsa zauren karrama gwanayen rock, wato Rock and Roll Hall of Fame, kuma ko da ya haura shekara saba'in da haihuwa bai daina yawon wasa ba, ana fille masa kai a dandamali ya tashi ya rera Poison da tsohuwar waƙarsa School's Out a dare ɗaya.