Tsinkewar jijiyar agara

Yayana ya tsinke jijiyar agara a filin ƙwallo, kuma jinyarsa ce ta sa na san cewa wannan rauni ba na manyan 'yan wasa kaɗai ba ne, irin su David Beckham da ya rasa Gasar Kofin Duniya ta 2010 saboda shi. Ya fi samun maza masu shekara 30 zuwa 50, musamman waɗanda ke yini a zaune sannan su fita motsa jiki mai ƙarfi ba tare da ɗumama jiki ba. Yayana ya ce ji ya yi kamar an buge shi da sanda a bayan dunduniya, alhali babu kowa kusa da shi.

Likita ya kwantar da shi rub da ciki ya matsa sharaɓarsa, tafin ƙafar bai motsa ba, nan ya gane ta tsinke. Ya bayyana mana hanyoyi biyu: tiyata a ɗinke jijiyar, ko a sa filasta ko takalmi na musamman da ƙafar a sunkuye na kimanin mako 8. Tiyata tana ɗan rage haɗarin sake tsinkewa, amma wurin ɗinkin yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta. Yayana ya zaɓi takalmi, kuma har yanzu yana zuwa gashin ƙafa, domin cikakkiyar warkewa takan ɗauki wata 6 zuwa shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne ciprofloxacin, wanda mutane ke saye a kemis don taifod ba tare da ganin likita ba, yana cikin magungunan da ke raunana wannan jijiya.